Tsarabar da Baba Isiya Ya Sa a Jiki

Sunana Haladu, mutumin Gagarawa ne ni, kuma direba. Kafin in fita waje shanu nake ɗauka a tirela daga kasuwar Maigatari zuwa kudu. Na faɗi wannan tun farko domin zai yi amfani a gaba. Yadda na bar gida da wanda ya raka ni tasha duk na tsallake su. Zan fara daga inda na sauka, in bi zango-zango har in dawo.

Zangon farko wata gona ce a tsakiyar hamadar Saudiyya. Ejan ɗin da ya shirya mini takardu ya ce motar gida zan riƙa tuƙawa a birni, in kai yara makaranta in ɗauko su. Da na sauka sai aka sa ni a bayan a-kori-kura, aka yi ta tafiya da ni har gine-gine suka ƙare, aka ajiye ni gaban wata tsohuwar tankar ruwa. Kafili, wato mutumin da ya ɗauke ni aiki, ya karɓi fasfona ya sa a aljihu. Ya nuna mini tankar, ya nuna mini rijiya, ya nuna mini garken raƙuma can nesa, ya shiga motarsa ya tafi. Bayanin aikin ke nan.

A wurin raƙuman na tarar da wani dattijo dogo, siriri, yana gyara dabaibayi. Na yi masa sallama, na haɗa da ɗan Larabcin da na haddace a hanya. Ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi.

"Bar wahalar da kanka," in ji shi. "Ina wuni? Daga wane gari?"

Na ce Gagarawa, ina mamakin jin Hausa a wannan wuri. Shi ne Baba Isiya, mutumin Ɗanzomo. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya ce ai sun sha zama rumfa ɗaya a kasuwar Maigatari, lokacin yana dillancin raƙuma. Daga ranar ya ɗauke ni ɗa. Shi ya koya mini Larabcin gona, shi ya yi jinyata da nonon raƙumi da zazzaɓi ya kayar da ni. Yana da wata 'yar leda ta kuka da daddawa da yake ɓoyewa kamar zinariya, ba ya buɗe ta sai ranar da ya ga na yi shiru da yawa. Ranar sai ya tuƙa mana tuwon garin alkama, mu ci muna hirar gero. Duk damina sai ya sa na kira masa gida ya ji ko an yi shuka a yankinsu na Sule Tankarkar, alhali inda muke shekara kan wuce ba mu ga hadari ba.

Halinsa uku ne ya kamata a sani. Na farko kunya. Duk zamanmu a ɗaki ɗaya ban taɓa ganinsa ba riga ba, in zai canja kaya sai ya ce in je in duba tanka. Na biyu alwala, ba ya son zama babu ita ko na ɗan lokaci. Na uku kuwa alfahari da jure zafi. Yakan ce wanda ya yi bazara a Maigatari yana tsaye cikin kara daga hantsi har la'asar, ranar Larabawa ba ta da abin da za ta nuna masa.

Akwai kuma akwatinsa. Duk lokacin da kafili ya kai mu gari, Baba kan sayi abu ɗaya ya sa a ciki. In kewa ta dame shi sai ya jawo akwatin ya riƙa fiddo kayan yana kiran masu su. Kwat ta Garba ce, babban ɗansa mai koyarwa a firamare. Suwaita ta ƙanen Garba ce mai fama da tari. Jallabiyoyi na liman da na surukai. Atamfofi na Inna Asabe, matarsa. Ɗan bargo mai laushi na jikan da aka haifa bayan tahowarsa, aka sa masa sunansa. Abu ɗaya kawai ya saya wa kansa, wata jallabiya ruwan madara mai aiki a wuya. Ya ce da ita zai shiga Ɗanzomo, da ita zai yi Juma'ar farko.

Da gwiwoyinsa suka fara gazawa, ni kuma wa'adina ya cika, kafili ya sallame mu tare. Kafin mu tashi Garba ya kira ni a waya. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Yaya Haladu, tsohon nan amana ce a hannunka. Mu dai ka kawo mana shi." Na ce in Allah ya yarda.

Zango na biyu filin jirgi. Tikitinmu wani Bahaushe ne ya yankar mana a birni, mutum mai yawan cewa "ɗan'uwa". Ya rantse mana cewa kowa jaka biyu zai ɗauka, kuma jirgin kai tsaye Kano zai sauka. Da muka zo wurin awo da sassafe sai ma'aikacin ya ɗaga yatsa ɗaya. Jaka ɗaya, ita ma da iyakar nauyi. Sannan ya nuna mana a takarda cewa sai mun sauka a wani gari bakin teku mun canja jirgi. Na kira ɗan'uwan namu, waya a kashe.

Ni abin bai dame ni sosai ba, kayana kaɗan ne. Na zubar da tsofaffin takalma da butar shayi, na karɓi dabinon Baba da turarensa na cusa a jakata har sikeli ya ƙi. Duk da haka tulin tufafi ya rage a ƙasa. Baba ya tsuguna gabansu yana juya wannan yana juya wancan. Na ce ya zaɓi waɗanda za a bari. Ya ce in faɗa masa wa zai bari, Asabe ko jikan.

Muna cikin haka wata mata ta tsaya a kanmu. Hajiya Barira ce, 'yar kasuwa daga Damagaram, mai safarar abayoyi da mayafai. Da ganinta za ka ce mace ce mai ƙiba ƙwarai, sai ka dubi fuskarta da hannuwanta ka ga sirara ne. Ta yi dariya ta ce da ganinmu baƙin hanya ne. Sikeli jaka yake aunawa, in ji ta, ba ya auna mutum. Ta ɗaga gefen abayarta muka ga wata a ƙarƙashi, da wata, da wata. Ta ce haka take wuce 'yan duwan, wato kwastan, a kan iyaka, haka take wuce masu awon jirgi, ba wanda ya taɓa ce mata ta tuɓe.

Na ce ban yarda da wannan dabara ba. Baba ya ce ba a tambaye ni ba. Ya ƙara da cewa ai jirgi sanyi gare shi kamar cikin firji, ranar da ya zo haƙoransa har kaɗawa suke, ya yi ta da-na-sanin rashin bargo. Ya kwashi kayan ya shiga ban ɗaki, ya hana ni binsa.

Mutumin da ya fito ban gane shi ba sai ta fuska. Ya naɗe atamfofin a ciki da ƙirji, ya ɗaure da igiyar wando. Ya shimfiɗa bargon jikan a gadon baya. Ya sa suwaita, ya jera jallabiyoyin ɗaya kan ɗaya, tasa mai aikin wuya a sama don ita ce mafi faɗi, ya rufe da kwat. Yana tafiya hannuwa a buɗe kamar wanda ya ɗauko tulu biyu. Hajiya Barira ta ce yanzu ya zama Alhaji na gaske. Har shi sai da ya murmusa.

A jirgin farko kuwa sanyi aka sake mana sosai. Ni da riga ɗaya na dunƙule ina rawar ɗari. Baba ya dube ni ta gefen ido.

"Ɗan Gagarawa, ko in ara maka kwat?"

Na ƙara dunƙulewa. Da aka zo raba ruwa da shayi ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi. Na tambaye shi dalili. Ya ce a hankali, kada na kusa su ji, cewa ya yi alwalarsa tun kafin ya naɗa kayan, in ya sha ruwa fitsari zai matsa masa, kuma ba ya iya kwance wannan ɗauri a ɗan akurkin ban ɗakin jirgi da ko buta babu. Zai riƙe har Kano. Na ce Kano da nisa. Ya ce azumin bazara ya fi ta nisa.

Zango na uku shi ne garin bakin teku. Ba zan kama sunan garin ko na kamfanin jirgin ba. Mun sauka da hantsi, muka zauna a zaure mai sanyi. Nan ma na sayo ruwa na miƙa masa, ya kurkure baki ya tofar. Bayan azahar aka kira mu, aka zuba mu a bas, aka kai mu can ƙarshen fili inda jirgin yake tsaye shi kaɗai a kan kwalta. Tun daga matakala na ji abin bai yi mini ba. Ƙarfen da ake dafawa ba ya taɓuwa. Da na sa kai cikin jirgin, iskar da ta tare ni irin ta cikin mota ce da aka kulle aka bari a rana.

Aka cika jirgin maƙil, yawanci 'yan ƙwadago masu komawa gida da mata 'yan kasuwa da yara. Baba yana jikin taga, ni a tsakiya, wani ɗan Indiya a bakin hanya. Hajiya Barira tana layin da ke gefenmu. Aka rufe ƙofa. Muka ɗaura bel muna jiran a tashi. Ba a tashi ba.

Na miƙa hannu na murɗa 'yar ƙofar iskar da ke saman kaina. Abin da ya fito kamar numfashin mutum ne, daga baya shi ma ya ɗauke. Matuƙin ya yi magana ta lasifika da Turanci da Larabci. Abin da na tsinta shi ne na'urar sanyi ba za ta yi aiki ba sai an tada inji, inji kuma ana jiran wani abu kafin a tada shi, a yi haƙuri kaɗan. Mutane suka ciro takardun da ke aljihun kujera suna fifita. Bayan wani lokaci ya sake cewa a yi haƙuri kaɗan.

Ni ban iya zama ba. Na kwance bel, aka ce in ɗaura. Na ɗaura, na sake kwancewa. Karatuna bai kai in san dokar jirgi ba, amma na san mota mai ɗauke da rai. Shanu a tirela, muddin ana tafiya iska na ratsa su, lafiya lau. Ranar da mota ta lalace da tsakar rana, ko aka tsare ka a shinge, daga nan kake fara asara. Kuma sanuwar da ke kuka tana harbin ƙarfe ba ita nake tsoro ba. Wadda ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ita ake sauke gawarta. Don haka na riƙa bin jirgin da kunne. Da farko ko'ina hayaniya, yara na tsala kuka, maza na faɗa da ma'aikata. Sannu a hankali kukan yaran ya fara raguwa.

Na ce wa Baba ya cire ko kwat ɗin ce. Ya ce ina zai sa ta, kuma wannan ai ba zafi ba ne, ɗumi ne. Gumi na zuba daga gemunsa yana ɗiga a kan aikin wuyan jallabiyar, yana sa hannu yana sharewa don kada ya ɓata ta. Ma'aikatan suka zo da ruwa a 'yan ƙananan kofuna, kafin su kai rabin jirgi ya ƙare. Wanda ya iso gare mu na ba shi, ya ture. Hajiya Barira kuwa tuni ta fara zare abayoyinta ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a cinya, tana cewa yau kam kasuwa ta ci ta. Ta leƙo ta ce, "Baba Alhaji, a rage kaya. Ni da na koya maka ga shi na tuba." Ya kawar da kai wajen taga.

Na tashi na tare wata ma'aikaciya, doguwa, fuskarta ta yi ja, gashinta ya manne a goshi. Da Larabcin gona na ce mata akwai tsoho, zafi, a buɗe ƙofa. Ta ce ba ta da iko, an janye matakala, ta riga ta gaya wa matuƙi har sau nawa. Ita ma haki take. Na ga ba ta da laifi, na koma.

Da na zauna na lura Baba ya daina share gemu. Na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am," amma ba ni yake kallo ba. Sai ya ce in je in kora taguwar nan, raƙumar nan mai tabo, ta nufi rijiya. Na taɓa goshinsa. A bushe yake ƙamas, da zafi kamar murfin tukunya. Duk jirgin kowa sharkaf da gumi, shi kaɗai ya bushe.

A garinmu yaro ba ya taɓa hular babba, balle rigarsa. Mutumin nan abokin mahaifina ne, ya ciyar da ni, ya yi jinyata. Na kuma san abin da ya fi tsoro a duniya. Amma Garba bai ce in kawo masa kwat ba.

Na ce wa ɗan Indiyan ya tashi, ya tashi ba musu. Na kwance wa Baba bel, na jawo shi na kwantar a kan kujerun. Na fara da kwat, ta fita da ƙyar. Na kama jallabiyarsa zan zare ta ta kai, ta ƙi, domin kayan da ke ƙasa sun cika ta, wuyan ya shaƙe shi, hannuwansa kuma sun saki. Sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu. Idonsa ya dawo, ya gane abin da nake yi.

"Haladu," in ji shi, muryar can ƙasa. "Mata na kallo."

"Na sani, Baba."

"Kada ka yi mini haka."

Na ce ya yafe mini. Na sa haƙori a bakin aikin wuyan na ɓalla zaren, na sa hannu biyu na tsarge ta har cibiya.

Ban san lokacin da Hajiya Barira ta taso ba. Na dai ga inuwa ta rufe mu. Ta ware babbar abaya baƙa, ta riƙe gefe ɗaya, ta miƙa wa ɗan Indiyan ɗaya gefen, ta juya mana baya. Ta ce da ƙarfi yadda zai ji, "Baba Alhaji, an sa labule. Ba mai ganinka sai ɗanka." Sannan ta daka wa matan da ke leƙe tsawa, ta ce kowace ta dubi gabanta.

A bayan labulen nan na bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Jallabiyar liman ta fita ta kai, na surukai ma haka. Suwaita ta jiƙe ta yi nauyi kamar an tsamo ta daga rijiya. Bargon jikan ya manne a bayansa. Igiyar da ya ɗaure atamfofi ta kumbura ta ƙi kwantuwa, ita ma da haƙori na tsinka ta. Na warware atamfofin Inna Asabe, na yi ta warwarewa kamar ba za su ƙare ba. Da na kai ga mutumin, sai na ga ɗan tsoho ne ƙashi da fata, haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri-sauri. Na bar masa wando da singileti.

Ɗan Indiyan ya zura hannu ɗaya a jakarsa ya miƙo mini gorar ruwa da ya ɓoye wa kansa, ko rabi bai sha ba. Na zuba a kan Baba da ƙirjinsa, na jiƙa masa leɓe. Ma'aikaciyar nan ta dawo da gudu da ƙanƙara a cikin tawul, ragowar ta wurin abincinsu. Ta durƙusa a hanya, ta nuna mini in sa a wuya da hammata, ta ɗauki takarda tana yi masa fifita da hannu biyu. Can gaba kuma wata mata ta fara kururuwa, jaririnta ya daina motsi. Mutane suka miƙe gaba ɗaya, aka ce a zauna, ba wanda ya zauna. Ma'aikaciyar ta tashi ta je ta ɗauki wayar da ke jikin bango. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga yadda take faɗarsa.

Ko bayan nan sai da muka jira a kawo matakala. Ina kiran sunansa, ina karanta masa abin da na iya, ƙanƙarar na narkewa a hannuna. Da aka buɗe ƙofar, iskar waje da ta ƙona mu ɗazu ta shigo, mutane suka riƙa buɗe baki suna shaƙa kamar iskar damina.

Zango na huɗu ɗakin shan magani na filin jirgin. Masu motar asibiti sun fara sauke jaririn da uwarsa, sannan Baba, sannan wasu mutum biyu. Kafin a ɗauke shi Hajiya Barira ta lulluɓe shi da atamfa ɗaya. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka kewaye shi da ƙanƙara. Likitan ya tambaye ni da hannu ko duk tulin nan a jikinsa yake. Na ce e. Ya tambaya ko ya sha ruwa. Na ce rabonsa da ruwa tun asuba. Ya girgiza kai, ya nuna mini tsakanin yatsunsa biyu, ɗan ƙaramin tsakani. Jaririn ma ya farfaɗo, na ji kukansa ta bango, ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar ranar ba.

Na kasa zama a nan ma. In leƙa Baba, in fita in nemi labarin jakunkunanmu, in dawo. Wajen faɗuwar rana ya buɗe ido. Tambayarsa ta farko ko an yi la'asar. Ta biyu ina kayan mutane. Hajiya Barira, wadda ta ƙi bin jirgin da aka sauya wa sauran fasinjoji, ta nuna masa su a ninke cikin babbar leda, ta shanya su sun sha iska. Ya sa aka ɗago masa su ɗaya-ɗaya. Da aka zo kan tasa, ya dubi tsagar tun daga wuya har ƙasa, ya dube ni, ya juya fuska bango.

Washegari kamfanin ya sa mu a wani jirgi. Ledar kayan kuwa aka karɓe ta aka manna mata takarda, ba wanda ya ɗora ta a sikeli. Wannan jirgin da sanyinsa. Baba yana sanye da rigata, da bargon jirgi a kafaɗa. Duk ruwan da aka kawo ya karɓa ya sha, ya tashi ya shiga ban ɗakin da yake gudu, ya fito ya koma kujerarsa. Da Hajiya yake magana, ni ko kallo.

A Kano muka rabu da ita, ta nufi tashar motocin Damagaram. Ta ce mini, "Direba, ka bar shi. Tsoho ne, sai ya gama jin kunyarsa." Muka hau motar Gumel. Muka wuce gonaki an yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa, abin da ya yi shekaru yana tambaya a waya. Ya zuba musu ido, bai ce mini in duba ba. A tashar Gumel Garba na jira da 'yan'uwa. Na kama hannun Baba na sa a hannun ɗansa, na ce ga amana. Garba ya yi ta godiya. Baba ya shiga mota ya ce a ja.

Tun daga nan nake gaya wa duk mai tafiya abin da na gani. Mutanenmu in za su hau jirgi faɗowa daga sama suke tsoro. Ni a ƙasa na ga mutuwa ta matso, tayoyi a kan kwalta, ƙofa a rufe. Ra'ayina, wanda ba na masu ilimi ba ne, shi ne kada a zuba mutane a jirgin da bai huce ba, in kuma an zuba su aka ga tashi ya gagara, a buɗe a sauke su tun yara suna da ƙarfin kuka. Mu direbobin shanu in mota ta mutu a rana, inuwa muke nema mu sauke kaya, ba ma cewa dabba ta yi haƙuri kaɗan.

Zangon ƙarshe kasuwar Maigatari, wata Alhamis bayan an yi girbi. Na koma tuƙin tirela. Duk watannin nan ban taka Ɗanzomo ba, gaisuwa kawai nake aikawa ta bakin Garba, ba na samun amsa. Ina tsaye ana loda mini shanu sai na hango shi a rumfar dillalan raƙuma, a zaune a kan tabarma, ya yi ɗan kumari. Jallabiyar nan ruwan madara ce a jikinsa. An ɗinke tsagar da hannu, ɗinki ƙanana a jere tun daga wuya har ciki, zaren bai dace da launin ba, daga nesa ana ganinsa.

Na je na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, kamar yadda ake amsa wa kowa. Bai ce in zauna ba, bai ce in tafi ba, sai na tsaya a bakin rumfa. Kusa da shi akwai wani mahauci, magidanci, wanda ya sami aiki a waje zai tashi cikin satin. Yana ta tambayar Baba yadda ake yi. Ya ce an gaya masa jirgi sanyi ne da shi, matarsa har ta saya masa rigar sanyi biyu.

Baba ya ɗauki butar da ke gabansa ya kurɓi ruwa, ya ajiye.

"Riga ɗaya za ka sa," in ji shi. "Ruwa kuma duk wanda aka ba ka ka sha, alwala ana sake ta."

Mahaucin ya ce to, sai kuma me.

Baba ya shafa ɗinkin da ke ƙirjinsa. Ya nuna ni da haɓa, bai dube ni ba.

"Sai ka nemi marar kunya irin wancan, ka zauna kusa da shi."

Sannan ya matsa gefe, ya bar mini wuri a kan tabarmar.